Littafin da Ban Ƙarasa wa Gwaggo Ba

Tun ina sakandare nake karanta littattafan labari, amma ban zama wadda ake tambaya ba sai da waya ta shigo hannun kowa. Ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Funtua. Muna da zaure a waya, mu malamai mata da wasu matan unguwa, inda ake turo sababbin labarai babi-babi yadda marubutan suke sakinsu. Yawancin matan ba su da lokacin da za su fara labari su tarar a tsakiya ba shi da daɗi, shi ya sa suke jira na. In na ce a karanta, sai a karanta. In na yi shiru, sun gane.

A 'yan shekarun nan abin da ya fi tashe shi ne labaran asirin gida. Attajiri ya mutu, ana zaman makoki sai ga mace daga Kudu da yara uku masu kama da shi. Ko wani ya buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe a ɗakin kakarsa ya tarar da hoton mutumin da ba a taɓa ambata masa ba. Ina son irinsu, kuma ina da zaɓi a ciki. Na fi yabon wanda marubuciyar ta bar mutum ya ji nauyin ɓoyon kafin ta fasa. Wanda ake tara dangi a falo a babin ƙarshe, wata tsohuwa ta gyara murya ta zayyane komai, shi nake kushewa. Nakan ce wa matan ba haka ake yi a gidaje ba. Da ƙarfin gwiwa nake faɗa, kamar na san yadda ake yi.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ban yi arba'in ba. Abin da na tashi da shi shi ne mahaifiyata ta rasu 'yan kwanaki bayan sunana, zazzaɓin jego ya ɗauke ta. Babu hotonta. Danginta makiyaya ne, sun tashi da shanunsu sun yi kudu tun ban yi wayo ba, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Mahaifina yana Tsiga, ya sake aure, ya haifi ƙannena, ni kuma na girma a Dayi a ɗakin Gwaggo. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ban taɓa jin maraici a hannunta ba, wannan dole in faɗa.

Da tsufa ya zo mata, ido ne ya fara tafiya. An yi mata aiki sau ɗaya bai yi ba, ta ce a bar ta haka. Duk Asabar nakan shiga mota daga Funtua, in sauya a Malumfashi, in isa Dayi da hantsi, in juyo kafin la'asar saboda yanayin hanya. Nakan tarar da ita a inuwar rumbu, da faifai a cinya, tana ɓarar gyaɗa ko tsintar wake da laluben yatsu. Hira takan ƙare mana da wuri, don haka na fara karanta mata labaran da ke wayata. Ta so su fiye da yadda na zata. Ba ta iya sauraro shiru ba. Ina tsakiyar karatu za ta ce, "Wannan mutumin maƙaryaci ne, ci gaba ki gani." Sau da yawa kuma haka ne.

A daminar da nake magana a kai, wata yarinya da ban sani ba ta fara sakin wani sabon labari. Gidan wasu masu hali ne a birni, akwai ɗaki a can baya da kullum yake kulle, an ce wa yara ɗakin ajiya ne. Ashe mace ce a ciki, wadda hankalinta ya taɓu bayan haihuwa. Na karanta babi goma a zama ɗaya, na shiga zauren na ce kowa ta ajiye abin da take yi ta neme shi. Na ce na daɗe ban ga wadda ta iya riƙe labari kamar yarinyar nan ba. Asabar ɗin da ta biyo na fara karanta wa Gwaggo.

Asabar biyu na farko ba ta ce komai ba, abin da ba halinta ba. Na ɗauka jiki ne. A ta uku muka zo inda aka koma baya aka nuna ranar da aka fara kai matar gidan mai magani. An ce mata gidan iyayenta za a kai ta, ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, ta shiga mota tana murna.

Gwaggo ta ajiye faifan.

"Tsaya," ta ce. "Wa ya rubuta wannan?"

"Wata yarinya ce, Gwaggo. Ina jin a Kano take."

"'Yar ina ce uwarta?"

Na yi dariya na ce ban sani ba, kuma ai ƙirƙira ce, ba labarin kowa ba ne.

Hannunta yana kan gwiwarta, ɓawon gyaɗa ya manne a tafin. Can ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ba mota ba ce. Amalanken shanu ne."

Ban gane ba. Na ce, "Wane amalanke?"

"Ajiye wayar nan, ɗiyar nan. Matso kusa, kada 'yan gidan su ji."

Na matsa har gwiwata tana taɓa tata. Ta faɗa mini a hankali. Ta ce bayan suna mahaifiyata ta daina barci. Ta ƙi ba ni nono, ta ce an sauya mata jaririya. Wani lokaci ta yi ta magana da Fillanci ita kaɗai, wani lokaci ta wuni ba ta ce uffan ba. Wata safiya aka neme ta a ɗaki ba ta nan, aka same ta a bakin rijiyar bayan gida da ni a hannu, tana leƙen ruwa. Gwaggo ce ta lallaɓa ta karɓe ni. A ranar kakana ya yanke magana. Aka ce mata rugarsu za a kai ta ta huta, aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi, daga nan aka wuce da ita gidan wani mai magani a wani ƙauye gaba da Danja. An ce kwana arba'in za ta yi.

"Arba'in ta wuce, ba sauƙi. Mutane suka fara tambaya. A lokacin akwai 'yan mata biyu a gidan da ba su yi aure ba, ga ki ke ma mace. Kakanki ya ce in aka ji akwai hauka a gidan, ba mai neman ko ɗaya. Sai ya fita zaure ya ce an aiko ta rasu a can, an yi mata sutura." Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. "Kwana uku muka zauna. Da bakina na amsa gaisuwar mutuwar mace tana da rai."

Na tambaye ta danginta fa. Ta ce su ma abin da aka faɗa musu ke nan, sun zo sun yi gaisuwa sun tafi.

"To yaushe ta rasu?"

"Shekarar da kika shiga kwalejin malamai."

Shekarata goma sha tara a lokacin. A Zariya na yi karatun, kuma sau da yawa ta Danja motarmu take bi. Nakan miƙa hannu ta taga in sayi rake.

Ta ce sau uku ta je ganin ta, duk a farkon shekarun. Ta ce mahaifina bai taɓa fashin aika buhun dawa duk kaka ba. Ta faɗi wannan sau biyu, kamar zai rage wani abu. Ban yi kuka ba. Na tashi na wanke mata kwanonin da ta ci abinci, na yi sallar azahar, na ɗauki jakata. Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarama, na ce mata mota za ta wuce ni. A hanya wata mata da ke kusa da ni ta yi ta ba ni labarin tsadar taki, ina amsa mata da to.

Maigidana ya saurare ni har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne kada in je wa Baba da zafi, tsoho ne. Na bari kwana huɗu suka wuce, sannan na nemi izini a makaranta na tafi Tsiga.

Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, yara sun tafi gona cirar masara. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Ya tambayi maigidana da yara. Da ya ga ban tashi na shiga cikin gida ba, ya dube ni da kyau.

"Lafiya dai?"

"Baba, na je Dayi ranar Asabar."

Ya ɗauki carbinsa ya sake ajiyewa.

"Ita ta faɗa miki."

"Ita ce."

"Da ta bari mun mutu tukuna." Ya faɗa ba da faɗa ba, kamar mai magana da kansa. Sannan ya ce, "Shekarata ashirin da biyu a lokacin. A gidan mahaifina nake, a gonarsa nake noma. In ya yi magana ba a mayar masa."

"Ai ina da shekara goma ya rasu, Baba. Bayan nan fa?"

Ban taɓa yi masa tambaya irin wannan ba a rayuwata. Ya ce ya riga ya zauna a kan tabarmar nan an yi masa gaisuwa, liman ya yi addu'a, gari ya shaida. Da wane baki zai fito bayan shekara goma ya ce tana nan. Ya ce ya je sau ɗaya bayan rasuwar kakana, da niyyar ya ga ko za ta ɗauku. Ya yi zaton ba za ta gane shi ba. Tana hango shi daga bakin turmi ta ajiye taɓarya, ta dubi bayansa, ta ce, "Ba ka zo da ita ba?"

"Me ka ce mata?"

"Na ce wani zuwan."

Bai sake komawa ba. Na zauna ina kallon ƙafafunsa, duk sun tsage saboda shekarun noma. Na so in ji haushinsa sosai, abin ya ƙi zuwa yadda nake so. Na tambaye shi sunan ƙauyen da kwatancen gidan, ya ba ni. Da zan tashi ya ce in shiga in gaisa da matar gidan kada ta ga wani iri. Na shiga, na ci ɗan wake, na yi hira da ita a kan bikin wata ƙanwata.

Ranar Lahadi maigidana ya raka ni. A Danja muka bar mota muka hau babura biyu, muka bi wata hanya tsakanin gonakin rake da fadamun tumatir. Mai maganin ya daɗe da rasuwa. Rabin gidan ya zube, 'ya'yansa manoma ne, ba wanda ya gaji sana'ar. Aka kai ni wurin wata tsohuwa, ƙaramar matarsa, tana zaune tana kaɗa kuka a tukunya. Na gaishe ta na ce mata ina neman labarin wata mata da aka kawo daga Tsiga shekaru masu yawa.

Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Bafillatanar nan. Ai ga goshinta nan a fuskarki."

Ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce shekaru ukun farko a mari take, don tana yawan fita ta kama hanya. Ta nuna mini inda ɗakin yake, yanzu tumaki ake ɗaurewa a wurin. Ta ce daga baya jikinta ya lafa, aka cire mata. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, kuma duk 'yan matan ƙauyen a wurinta suke kitso, don ba wadda ta kai ta hannu. In ranar kasuwar Danja ce, takan tsaya a bakin hanya ta tambayi masu dawowa ko sun ga mutanen Tsiga.

Na ce, "Iya, ta warke ke nan?"

"Warkewa ta Allah ce. Amma shekarunta na ƙarshe, in ba an faɗa miki ba, ba za ki ce ta taɓa ciwo ba. Ba wanda ya zo ɗaukar ta ne kawai. Mu kuma ba mu san inda za mu kai ta ba, tunda an ce mana can an riga an yi mata addu'ar bakwai."

Tari ne ya kashe ta, cikin damina. Na tambaya ko ta bar wani abu, tsohuwar ta ce zannuwa biyu ne da ƙwarya, an bayar sadaka tun lokacin. Maigidana ya shiga maƙabartar tare da ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ni na tsaya a bakin shingen bini-da-zugu. Sun daɗe suna zagayawa. Da ya fito ya ce sun yi addu'a a ɓangaren da ake zato, ciyawa ta rufe ko'ina, ba wanda ya tabbatar da wanne ne.

A satin nan ne yarinyar ta saki babin ƙarshe na labarinta. Zauren ya cika da magana. Wata abokiyar aikina ta tare ni a ofishin malamai ta ce, "Malama, kin ga ƙarshen kuwa? An buɗe ɗakin, 'ya'yan sun durƙusa suna neman gafara, wallahi na sha kuka. Allah Ya saka miki da kika nuna mana shi." Na ce mata ai yarinyar ta iya rubutu. Gaskiya na faɗa. Na karanta shi daga baya, kuma har yau in aka tambaye ni wanda ya fi a irinsu, shi nake faɗa. Sai dai na rage saurin cewa kowa ta ajiye abin da take yi. Wata daga cikin matan, wadda ba ta cika magana a zauren ba, ta taɓa turo mini saƙo ni kaɗai bayan na yabi wani labarin na yaron da aka tsinta a tasha. Ta ce don Allah in rinƙa faɗin abin da ke ciki kafin mutum ya fara. Ban tambaye ta dalili ba. Tun daga nan nake faɗa.

Sati biyar ban je Dayi ba. Na shida na je. Na tarar Gwaggo ta rame, 'yan gidan suka ce ba ta cin abinci sosai. Da ta ji sallamata ta yi ƙoƙarin miƙewa, na ce ta zauna.

"Kin je?"

"Na je."

"Akwai wanda ya san ta?"

Na faɗa mata duk abin da tsohuwar ta ce, ban rage ba, har da tsayuwar bakin hanya ranar kasuwa. Da na zo kan kitson sai ta ce, "Ita ta yi mini na sunanki. Da cikinki a gaba ta zauna ta yi, ana saura kwana biyu ki zo." Daga nan ta fara kuka, irin na tsofaffi, ba sauti. Ta lalubo hannuna ta ce in yafe mata. Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa, zuciyar ta ɗauki lokaci kafin ta biyo. Na ci gaba da zuwa duk Asabar, ina yi mata wanki ina yanke mata farce. Ba ta sake cewa in karanta mata komai ba, ni ma ban ɗauko ba. Ta rasu bayan an gama tsinkar auduga.

Shekarar da ta biyo, babbar 'yata da ke aure a Malumfashi ta dawo gida goyon cikin fari. Kafin ta haihu na zaunar da ita na ba ta labarin kakarta, na kuma faɗa wa ma'aikaciyar da ke duba ta a asibiti. Ta haifi namiji lafiya. Aka yi suna, baƙi suka watse. Kwana biyu bayan nan na shiga ɗakin da rana na same ta zaune a bakin gado, yaron yana ta tsala kuka a bayanta, ita kuma tana kallon bango. Na ce ta ɗauke shi. Ta ce, "Mama, ni ba na jin komai in na kalle shi. Kwana huɗu ke nan ban runtsa ba."

Ban jira mahaifinta ya dawo ba. Na goya yaron, na kama hannunta muka tare mai adaidaita. Likitan ya ce ana samun haka, kuma yana da magani. Wata uku ta yi a wurina maimakon kwana arba'in. Ban bar ta ita kaɗai da yaron ba sai da na ga da idona tana yi masa wasa ba don ina kallo ba. Mijinta ya sani, ya kuma yi ƙoƙari, shi yake zuwa ya kai ta asibiti duk ranar da aka ba ta.

Ana gobe za ta koma, muna haɗa mata kaya, ta ce uwar mijinta ta yi ta tambayar abin da ya riƙe ta haka. Ita da mijinta sun ce mata taifot ne ya haɗu da jego.

"Mama, in ta tambaye ki, haka za ki ce. Don Allah. Kin san yadda gidan nan suke da magana."

Na ci gaba da ninke kayan yaron. Ta sake cewa, "Mama."

Na ce to.

Da uwar mijin ta zo tarbarta washegari, ta riƙe hannuna tana godiya, ta ce taifot ɗin bana ba kyau. Na ce mata wallahi kuwa, Hajiya, sai dai addu'a.